Mai Ƙeya Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsakar gida mai cike da kwalaye da igiyoyi, iyalan Hajiya Hajo ta saman dutsen Nakkasa a Makka suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, waɗanda suka riga suka tashi da waɗanda ke kan ɗaure kaya, rasuwar talabijin ɗinsu wadda aka fi sani da Mai Ƙeya. Ta cika ranar Asabar tsakanin Azahar da La'asar, tana da shekara ashirin da shida, a kan teburin da aka ɗora ta tun ranar da ta shigo gidan.

A yi haƙuri da jinkirin sanarwa. An jinkirta ne domin har zuwa hantsin yau Laraba ba a san yadda za a yi da gawar ba. Hajo ta ce ba za ta sauka daga dutsen nan ba sai an sani. Su kuwa masu rusau sun riga sun shafa wa bangon gidan jan fenti da lamba, sun ce ranar Alhamis motocinsu za su iso layin.

Marigayi Alhaji Maman, mijin Hajo, shi ya sayo ta sabuwa fil a wani kanti a Aziziyya, bayan wani aikin hajji da ya yi masa kyau. Ƙarti huɗu ne suka hau da ita matakala ɗari da goma sha takwas, suna hutawa a kowace kwana, suna tambayar ko duwatsu aka zuba a kwalin. Marigayiyar 'yar babban gida ce, daga zuriyar nan masu kwalba a ciki, faffaɗa ta fuska, siririya ta wuya, kamar tulun da aka kwantar. A can ƙarshen wuyan akwai wata 'yar wuta da ke harbo haske ta bayan gilashin, layi bayan layi, da saurin da ido ba ya iya bi, har hoto ya tsaya. Masu karatu suna ce wa irinta si-ar-ti. Yaran Makka suna ce mata abu dahar, wato mai gadon baya. A gidan Hajo dai Mai Ƙeya ce, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushin sunan ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Shekara ashirin da shida tana ɗauke da kaya a ka: gorar zamzam, tandun kwalli, agogon da ba ya tafiya, farantin dabino, wani lokaci har da kyanwar maƙwabta da ke zuwa shan ɗumin bayanta. A je a gwada ɗora ko da allura a kan sirarran nan na yanzu da ake mannawa a bango. Ta sha mari a kunnen dama ba adadi, kuma maimakon ta riƙe a zuci sai ta gyara hoto. Ba mai yawan magana ba ce in ba an sa ta ba. In an kunna ta takan ce ɗum, kamar an ajiye tukunya a ɗaki na biyu, sannan ta ja wani siririn tsiii wanda kunnen yara kaɗai ke ji. In aka kai hannu kusa da fuskarta sai ta ce ƙas-ƙas, gashin hannu ya miƙe. Jikokin gidan nan duka sun gaisa da ita a haka.

A ƙuruciyarta, ba za a ɓoye ba, ta yi duniya. Ta nuna ƙwallo, ta nuna wasannin kwaikwayo na Masar, ta tara yaran layi har ana zama a kan taga. Amma shekara tara da suka wuce gwiwoyin Hajo suka ce sun gama da matakala. Matar da ta yi shekara arba'in tana sauka da asuba ta je Harami ta dawo da buhun ƙosan da ta sayar babu ko ɗaya, sai ga ta ɗaki da tsakar gida. Daga soron gidan ana hango dogon agogon nan na bakin Harami, amma ba a hango Ɗakin Allah. Ɗanta na fari, Mukhtaru, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce Abu Rim, ya sha cewa zai kawo maza su saukar da ita a kujera.

«Ba ni hawa kujera bisa kawunan mutane ina da rai,» in ji ta. «Wanda aka ɗauka bisa kai a matakalar nan, ba ya dawowa. Ran da za ku ɗauke ni, ku ɗauke ni gaba ɗaya.»

Sai ya kama mata tashar da ke nuna Harami dare da rana, ya ajiye mata rimot a gefen filo. Tun daga ranar Mai Ƙeya ta tuba. Ba ta sake nuna komai ba sai Ka'aba a tsakiya da farin fili kewaye da ita, mutane na zagayawa kamar furar da ake damawa. Ba a kashe ta. In wuta ta ɗauke, ɗakin Hajo duhu ne ko da rana, ga kuma leshin da ake sauke wa Mai Ƙeya a fuska. Hajo tana cin abinci a gabanta, tana jan carbi a gabanta, tana leƙen alhazai tana cewa, «Ga 'yan gida can, dubi atamfa iri guda. Wagga ta baya Basakkwata ce, daga tahiyar na gane.» Ba wanda ya taɓa iya ƙaryata ta.

Rashin lafiyar ya faro ne a hankali. Da farkon bara jan launi ya fara yi mata ƙaura, alhazai suka koma kore-kore kamar masu laulayin jirgi. Daga baya hoton ya tsuke sama da ƙasa. Mari ya daina aiki. A makon da aka shafa jan fenti a bango, ƙarar motocin rusau daga gindin dutse tana sa gorar zamzam rawa a kanta, sai aka fara jin ƙaurin waya. Ranar Asabar, ana tsakiyar ɗawafi, ta ce ƙas, sau ɗaya. Harami duka ya naɗe ya zama layi guda, layin ya dunƙule ya zama ɗigo. Ɗigon ya ɗan jima a tsakiya kamar mai jiran a ce masa wani abu. Sannan ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da sanarwar nan ba ta wuce layi biyar ba.

Samah, matar Mukhtaru, ita ta yaye labule ta buɗe ƙofa don ƙaurin ya fita. Rana ta faɗo a kan gilashin, abin da ba ta yi ba cikin shekara tara. Samah ta saki labulen.

«Ya khala,» ta ce wa surukarta, «an kashe ta kuwa?»

An kashe ta. Mukhtaru ma ya zare wayar daga bango ya ɗaga sama kowa ya gani. Amma ga Ka'aba nan a tsakiyar gilashin. Ba baƙa ba, fara-fara ce, mai kusurwa huɗu, filin ɗawafi kuma ya kewaye ta da launin shayin da ya kwana. Hajo ta jawo jiki zuwa bakin gado, ta daɗe tana kallo. Ta gyara mayafi kamar baƙo ya shigo. Sannan ta janye ƙafafunta da ke miƙe wajen teburin, ta naɗe su duk da gwiwar.

Ranar Lahadi aka hau da Malam Idris mai gyara, dattijon da ya yi shekara talatin yana buɗe bayan irinta kafin duniya ta mai da shi mai canza gilashin waya. Ya iso yana haki, ya sha ruwa, ya kwance ƙeyar, ya leƙa, ya shinshina. Ya mayar da sukudireba aljihu.

«Sai haƙuri, Hajiya. Wutar wuyan ce ta mutu. Irin wannan ko a kasuwar tsofaffin kaya an daina gani.»

«To wanga fa?» Ta nuna da carbi.

«Wannan ƙuna ce. Inda hoto yake fari, nan wuta take ci kullum, sai ya dafe. Inda yake baƙi kuwa, wuta ba ta taɓa shi. Shekara tara abu guda, dole ya zauna.»

«Ka ji ko, Abu Rim? Wuta ta ci ko'ina, ba ta ci Ɗaki ba.»

«Ba haka nake nufi ba, Hajiya.»

«Haka ka ce.»

Nan ta yanke hukunci, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ba za a bar Mai Ƙeya a ɗaki gini ya rufto mata ba. Ba za a sa ta a kwandon shara tare da ƙashin kaza ba. Ba za a ba mai sikrab, wato mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya sa guduma a fuskarta don jan wayar da ke wuyanta ba. In ba a samo mata makwanci na mutunci ba, to ita ma tana nan, masu rusau su zo su same su su biyu.

Mukhtaru direba ne, kwana uku kacal aka ba shi ya kwashe iyalinsa. Ya zauna a kan kwali ya riƙe kai.

«Tayyib, ya Ummi. Mu tafi da ita. Khalas, shi ke nan.»

Sai dai sabon gidan da za su koma a unguwar Utaibiyya ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, mutum bakwai za su kwana a ciki. Samah ta riga ta auna shi da taku. Gurbin da zai ɗauki wannan ƙeya guda biyu ne: ƙarƙashin matakala inda ake zuba takalma, ko kusurwar ɗakin kwana inda duk yadda aka shimfiɗa katifu sai ƙafar wani ta miƙe gare ta. Bangon alƙibla, wanda dama ba a miƙa masa ƙafa, nan ne hanyar wucewa, ko mutum sai ya karkace. Hajo ta saurari wannan duka ta ce ba takalma, ba ƙafa.

Ranar Litinin Mukhtaru ya sauka masallacin layi. Akwai akwati a bakin ƙofa inda ake saka yagaggun takardun Alƙur'ani don kada su wulaƙanta, amma bakinsa bai fi a zura littafi ba. Ya dawo gida ya kira liman a waya, ya buɗe murya, ya kara wa Hajo.

«Ya hajja,» in ji liman, ana jin shi ma ana jan kabad a bayansa, «gilashi ne kawai. Babu zunubi a kanki ko kaɗan.»

«Allah gafarta malam, abin da ke bisa Ɗakin ma ai ƙyalle ne kawai. Ka taɓa ganin an yi tsumman goge ƙasa da shi?»

Liman ya ce a gaishe da gida, ana kiransa.

A ranar gidan da ke ƙasa da nasu ya tashi. Na gefe ya tashi. Aka cire ƙofofi, aka bar ɗakuna da baki buɗe. Ƙura ta fara hawowa tana kwanciya a kan shinkafa. Hajo ba ta ci ba. Ba ta da abin kallo sai gawar, ita kuwa gawar ba ta motsi, ba mai zagayawa. Takan ɗauki rimot ta danna, ta ajiye. Ta tambayi lokaci sau goma kafin La'asar, ita da ba ta taɓa tambaya ba. Samah tana naɗe kofuna a jarida tana kwancewa don ta manta ko ta ƙirga. Ba wanda ya zauna minti biyar a wuri guda.

Ranar Talata Malam Idris ya sake hawowa, ba wanda ya aika masa. Ya ce ya kwana da abin a rai.

«Hoton nan ba a jikin gilashin yake ba, Hajiya. Wani gari ne aka shafe cikin da shi, kamar farar ƙasa. Da za a buɗe, ruwa ma zai wanke shi.»

Fuskar Hajo ta washe, karo na farko tun Asabar.

«Ashe rubutu ne! To mi muke jira? A wanke shi awa allo, a tace, a ba ni in sha. Samah, ɗauko kwanon nan na silba.»

«La ilaha illallah, ya Ummi!»

«Kai, rufe mini baki. Da rubutu aka yaye ka, ga ka nan ƙato.»

«Hajiya,» in ji Malam Idris, ya matso da kujerarsa, «garin nan ko akuya ta lasa, sai dai a nemo wuƙa da sauri. Guba ne.»

«Ɗakin Allah ne guba, Idrisu?»

«Ɗakin Allah yana can inda kika bar shi. Wannan garin masana'anta ne.»

Ta juya masa ƙeya, ita ma. Samah dai ta lallaɓa ta cusa kwanon silba a can ƙasan kwalin tukwane ta ɗaure da igiya biyu.

Da aka ɗan huce sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Fuskar kaɗai, in aka raba ta da sauran kwalbar, kaurinta bai wuce yatsu huɗu ba. Zai yanke ta, ya rufe bayan da katako don kada garin ya taɓu, a rataye ta can sama a bangon alƙibla na sabon gida, inda ba ƙafa, ba takalmi, ba ta tare wa kowa hanya. Sauran jikin kuwa ba hoto a kansa, mai sikrab ya ɗauka. Hajo ta juyo a hankali. Ta tambaya ko zai yi zafi, sannan ta ji abin da ta faɗa ta yi tsaki. Ta ce ta yarda.

Abu guda ne, in ji shi. Cikin kwalbar babu iska ko kaɗan, tun ranar da aka ƙera ta aka zuƙe aka toshe. In aka sa mata abin yanka a haka, fashewa za ta yi ta watsa wa kowa. Dole sai an fara ɓalle ɗan tsinin da ke ƙarshen wuyan, kaɗan, iska ta shiga a hankali.

Yau Laraba da hantsi aka fito da ita tsakar gida, rana ta farko da ta ga sama tun da ta hau dutsen. Aka lulluɓe bayanta da bargo. Malam Idris ya ce kowa ya shiga ɗaki. Hajo ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa, daidai inda za ta ga fuskar, ta ce daga nan ko ƙasa za ta tsage ba ta gusawa. Ya durƙusa a baya, ya yi bisimilla, ya kama tsinin da filaya. Shekara goma sha biyar rabonsa da wannan aiki, ga kuma ƙasa na girgiza daga motocin da ke aiki layi biyu a ƙasa. Ya matsa kaɗan. Bai ɓalle ba. Ya ƙara.

Tsinin ya tafi gaba ɗaya.

Marigayiyar ta ce fuuuut. Doguwar zuƙa guda, ta wanda ya riƙe numfashi shekara ashirin da shida. Iskar ta shiga da ƙarfi ta wuyan ta doki tsakiyar fuskar ta ciki, ta share garin da ke wurin. Kafin a ƙifta ido, inda Ka'aba take ya zama fili, da'ira mai faɗin faranti, gilashi tsirara. Filin ɗawafi yana nan kewaye, launin shayi. Tsakiyar ce babu kowa.

Malam Idris ya zagayo ya gani. Ya cire hula.

«Hajiya, hannuna ne. Ki yafe mini.»

Mukhtaru ya dubi uwarsa, ya dubi ƙofar gida, ya dubi agogon hannunsa, ya ji kunya ya sauke hannun. Ba wanda ya san abin da za ta ce. In ta ce an kashe mata Ɗaki a tsakar gidanta, to babu mai iya ɗaga ta daga kujerar nan, gobe kuwa Alhamis.

Hajo ta ƙura wa gilashin ido. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ko akwai saura. Babu.

«Mai da hularka, Idrisu,» ta ce. «Ba kai ba ne. Ka'aba ta ga za a kai ta hawa na huɗu a rataye, ta tahi gida.»

Ta miƙe ƙafafunta, duka biyu, wajen gilashin, ta yi ajiyar zuciya don gwiwar ta kwana huɗu a naɗe.

«Wanga kam gilashi ne. Ku ba mai gudumar. Abu Rim.»

«Na'am, ya Ummi.»

«Kujerar da kake ta faɗi. Maza nawa ke ɗaukar ta?»

«Huɗu.»

«Ka nemo masu ƙarfi. Shekara tara tana zuwa ɗakina, ban rama ko sau guda ba. Abin kunya ne.»

Marigayiyar ta rasu ta bar rimot guda, wanda roba biyu ke riƙe da cikinsa, kuma har yanzu ba a gaya masa ba. Ta bar risiba, ta bar faifan tauraro a soro yana kallon sama bai san an gama ba. Ta bar leshin fuskarta, da wani murabba'i mai tsabta a kan tebur inda ƙura ba ta taɓa sauka ba. Abokiyar zamanta, na'urar kaset ɗin bidiyo, ta riga ta da shekara goma sha shida. Ta bar jikoki biyar da suka koyi Larabcin Masar a bakinta, da tsohuwa guda.

Za a fito da gawar gobe Alhamis da fitowar rana, kafin motoci su tayar. Za a sauko da ita ta matakalar da ta hau, a miƙa ta ga mai sikrab a gindin dutse, wajen tsohon famfo. An roƙe shi kada ya ɗaga guduma sai iyalan sun sha kwana, ya kuma yi alkawari. Ana buƙatar maza takwas, huɗu a gaba da marigayiya, huɗu a baya da kujera. Na baya su lura: kada a yi sauri, kada a yi salati da ƙarfi irin na rakiyar gawa, kuma duk wanda ya kalli Hajo da idon tausayi, ta ce sandarta na hannunta.

Masu zuwa kada su kawo abinci, babu inda za a zuba. A zo da igiya, da kwali in akwai.

Za a karɓi gaisuwa a sabon gida a Utaibiyya, hawa na huɗu, ƙofar hagu. Kada kowa ya zo kafin La'asar, domin ba zai tarar da mai makoki ba. Daga gindin dutse mota za ta wuce da Hajo Harami kai tsaye, kuma ta ce zagaye bakwai ɗin nan ba za ta bari mai tura ta a keke ya yi mata gaggawa ba.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa matakalar ta yi sauƙi.